Filin Likitan Dabbobi: Labarin Cikin Kare, a Tambayi Gashinsa

Masu karatu, assalamu alaikum. Kun saba maganar shanu da tumaki da kaji muke yi a wannan fili, amma tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa saƙonni a kan kare suka yi mini yawa, kuma kusan kuka ɗaya ake yi: gashi ya dushe, fata ta bushe, kare na ta susa. Na zaɓi biyar daga ciki. A gidan mafarauta na tashi a ƙasar Dukku, na san kare tun kafin in san allura, don haka ku yi haƙuri in na tsawaita a wani wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da karen gadi a gidan gonata da ke kan hanyar Kumo, baƙi ne, shekararsa biyu. Da na karɓo shi gashinsa har ɗaukar ido yake, yanzu ya koma ja-ja, ya yi kaushi, ga amosani. Wallahi ba ya kwana da yunwa, kullum yaron gona na zuba masa ragowar tuwo da miya, wani lokacin dusa da ruwa. Wani ya ce in riƙa shafa masa man kaɗanya. Mene ne shawararka? Daga wani magidanci a Pantami, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na yarda ba ya kwana da yunwa, amma cika ciki daban, ƙoshi daban. Man kaɗanya zai ba shi sheƙin yini guda, ya lashe rabi, ƙura ta manne a sauran. Gashin da kake gani ya riga ya gama fitowa. Wanda zai tsiro a bayansa shi za mu gyara, kuma a kwano ake gyara shi.

Gashi kusan gaba ɗayansa furotin ne, wato abin gina jikin nan da ke cikin nama da kifi da ƙwai da wake. In furotin ya yi kaɗan, zuciya da hanta da tsoka ne ke fara ɗiban rabonsu, gashi sai abin da ya rage. Shi ya sa shi ke fara tona asirin kwano. Masara da dawa furotin ɗinsu wajen kashi 10 cikin 100 ne tun suna tsaba, to ina ga an tuƙa su da ruwa, alhali karen da ya gama girma yana buƙatar aƙalla kashi 18 cikin 100 in an auna abincinsa a bushe. Har baƙin launin da ka rasa, jiki da furotin yake haɗa shi, da ɗan sinadarin tagulla da ake samu a hanta. In suka gaza, ga kuma rana tana dukansa a ɗaure, sai baƙi ya koma ja.

Dusa kuma tana da nata laifin. Akwai wani abu a cikinta da ke riƙe sinadarin zink ya hana hanji tsotse shi. Karen da aka daɗe ana ba shi dusa za ka ga fatar gefen idonsa da bakinsa ta yi ɓawo, tafin ƙafarsa ya tsattsage. Miya kuwa ita ta fi damuna. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma ba sai ya ci da yawa a rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan na kullum taruwa yake. Ga gishiri, ga magi, ga barkono. A cire masa tuwonsa kafin a zuba miya.

Amma kafin ka kashe ko kwabo a kan nama, ɗaga leɓensa ka duba dasashi. In ja ne mai haske, madalla. In ya yi fari-fari kamar cikin rogo, akwai mai shan jininsa, ko tsutsar ciki ko kaska. Duba cikin kunne, ƙarƙashin wuya, da tsakanin yatsu, nan kaska ke ɓuya. Ciyar da kare mai tsutsa zuba ruwa ne a kwando. A ba shi maganin tsutsa gwargwadon nauyinsa, a maimaita bayan mako 2, daga nan duk wata 3.

To ga haɗin da nake gaya wa masu gidajen gona a nan Gombe. Rabin kwanon ya zama tuwo ko shinkafa ko dafaffen dankalin Hausa. Kashi ɗaya bisa uku nama ko kifi. Ɗan gurbin da ya rage a cike shi da dafaffiyar kabewa ko karas ko ganyen zogale. Nama ba sai tsoka ba. Ka je kwata da sassafe ka yi magana da mahauci guda, ya riƙa tara maka tumbi da huhu da zuciya da saifa, ko ka je wajen masu fige kaji ka karɓi hanji da ƙundu. Sai dai a dafa, ina roƙonka. Huhu ko hantar tunkiya mai ƙullutun ruwa, in kare ya ci ɗanye, tsutsa ce ke girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fita a kashi, su koma wa tumakinka, har su kama yaran gida. Irin wannan da mahauci ya yanke ya jefar, a binne shi.

Hanta tana da amfani ƙwarai, amma kamar akwatin ashana sau biyu a mako ya isa, domin bitamin A ɗinta in ya yi yawa ƙashi yake lalatawa. Kifi kuwa Allah ya hore mana shi daga Dadin Kowa. Tarwaɗa ko karfasa, a tafasa a tsince ƙaya tsaf. In don sheƙin gashi ne da rage ƙaiƙayi, kifin ƙanƙara irin su taitus da sardin sun fi, saboda man omega 3 da ke jikinsu. Sau biyu a mako. Dafaffen ƙwai sau biyu ko uku a mako, kuma kada a yar da ɓawon. A shanya shi, a daka ya yi laushi, a barbaɗa rabin ƙaramin cokali a duk rabin kilo na abinci, domin tuwo da nama ba su da isasshen sinadarin ƙashi.

Sai mai, wanda shi ne ke hana fata bushewa daga ciki. Ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko man waken suya a duk kilo 10 na nauyinsa, sau ɗaya a rana, a juya a cikin abinci. Kada a ce tunda yana da kyau bari a zuba ludayi, zawo zai sa shi. Ranar da aljihu ya yi sanyi, ƙuli-ƙuli marar yaji da aka jiƙa, ko waken suya da ya dahu luguf, za su toshe kafa, ko da yake ba su kai nama ba. Amma ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna, wadda mutum ba zai ci ba, kada a ce a ba kare. Dafin fumfuna hantar kare yake ci, kuma kare ba ya jure shi.

Ka sauya abincin a hankali cikin mako guda, ka ajiye masa ruwa mai tsabta dare da rana, domin da hunturu mutane kan manta kare na jin ƙishi. Ka ba shi mako 6 zuwa 8 kafin ka yanke hukunci. Kuma Malam, ka riƙa zuwa da kanka kana ganin abin da ke shiga kwanon nan.

TAMBAYA: Likita, ni mafarauci ne, karnukana huɗu. Biyu sun kamu da ƙazuwa, gashin kunne da gwiwa ya zube, suna susa har jini. Mun saba shafa baƙin mai, na shafa sau uku bai yi ba. Abokina ya ce in yi musu wanka da maganin feshin gona. Lokacin farauta ga shi ya zo. Daga wani dattijo a Bajoga.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Don Allah kada ka yi abin da abokinka ya ce. A bara aka kawo mini wata karya a bayan babur, an yi mata irin wannan wankan da safe. Yawu na dalala, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Akwai allurar da ke karya wannan dafi in an zo da wuri, amma su sai bayan azahar suka iso. A hannuna ta cika, mai ita, babban mutum da furfura, ya juya baya yana share ido. Har yau abin na raina. Maganin feshi ta fata yake shiga jini, kuma mai wankan ma bai tsira ba.

Baƙin mai ma haka. Na san da shi muka tashi, na ga ana shafawa a gidanmu. Amma man da ya gama zagaya inji cike yake da dattin ƙarfe da guba, yana ƙona fatar da ta riga ta yi rauni, kare ya lashe ya tafi hanta da ƙoda. Ƙwaron ƙazuwa kuwa rami yake haƙawa a cikin fata, ido ba ya ganinsa. Yadda ka kwatanta, gefen kunne da gwiwa da susa ba dare ba rana, ya yi kama da irin mai yaɗuwa, wadda ke kama sauran karnuka har ta sa mutum ƙaiƙayi a hannu da ciki. Akwai wata irin da ba ta yaɗuwa, ta fi kama kwikwiyo ko karen da jikinsa ya yi rauni. Ana bambance su ne in an kankare fatar an duba a madubin likita.

Ka kai su asibitin dabbobi mafi kusa. Ana yin allurar ibamektin gwargwadon nauyi, a maimaita bayan mako biyu, sau biyu ko uku, ko a yi wankan amitraz da aka auna. Kada ka saya a kasuwa ka yi da ka, awon shanu ba na kare ba ne. A yi wa duka huɗun, har waɗanda ba su nuna ba, a ƙone tsummokaran da suke kwana a kai, a zuba tafasasshen ruwa a makwancinsu.

Sannan Baba, kai ka fi ni sanin wannan. Da rani, in ana fita daji ana jefa musu kayan cikin zomo da gafiya, karnuka kan yi sumul, gashi na ƙyalli. Da damina ta sauka aka rataye gora da adda, aka koma ƙanzo da ruwan wanke tukunya, sai haƙarƙari su fito, ƙazuwa ta samu ƙofa. Mahaifina kan ajiye wa karnukansa kan kifi banda duk ranar kasuwa da damina, ana yi masa dariya, amma nasa ne ke fara tayar da zomo in kaka ta yi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Waɗannan biyun a hutar da su wata guda zuwa biyu a ciyar da su yadda na faɗa a sama, ko da za su rasa farkon farautar bana. Kayan cikin naman daji ma a riƙa tafasawa kafin a ba su.

TAMBAYA: Malam, ina jin daɗin filinka, amma na ji ka ce za ka yi magana a kan abincin kare. Mutane na fama da abin da za su ci, kai kana maganar ba kare ƙwai da kifi? Kuma kare ba dabbar da Musulmi zai ɓata lokaci a kanta ba ce. Daga wani ɗalibi a Azare.

AMSA: Ɗana, na ji zafin maganarka, kuma tsadar abinci gaskiya ce da kowa ke ji a jikinsa. Shi ya sa ka ga abin da na lissafa yawanci abin da ake zubarwa ne a kwata da wajen masu kifi. Ba na ce kowa ya ajiye kare ba. Hukunci na malamai ne, amma dukanmu mun ji a karatu cewa an yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, mun kuma ji labarin mutumin da ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi Allah ya gafarta masa. Wanda ya ɗaure dabba ya hana ta nema wa kanta, cinta da shanta sun hau wuyansa.

Akwai kuma abin da ya shafe ka kai da ba ka da kare. Karen da yunwa ta koro shi ne ke yawo bola-bola, ya yi faɗa da na daji, ya dawo unguwa. Kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa da ciwon haukan kare ta cizon kare suke samunsa, yara ne da yawa a ciki, kuma in alamun suka bayyana babu magani. Rigakafin da ake yi wa karnuka a ƙasarmu ake yin sa, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Ana yi wa kwikwiyo yana wata 3, sannan duk shekara. Mai karen da ya damu da gashin karensa shi ne wanda ke kawo shi allura, wannan na gani da idona shekara da shekaru. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

TAMBAYA: Likita, maigidana ya sayo karen Jamus, alseshan, saboda tsaron gida. Abincin buhu muke saya masa mai tsada, ina fasa masa ɗanyen ƙwai da manja kullum, yara na yi masa wanka da omo duk bayan kwana biyu. Duk da haka gashi na zuba ko'ina a tsakar gida. Ko mu aske shi? Daga wata uwargida a Yelwa, Bauchi.

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari, amma wankan nan shi ne babban mai laifi. Fatar kare tana fitar da wani mai da ke bin gashi ya sa shi sheƙi, omo kuwa don cire maiƙo aka yi shi. Sau ɗaya ko biyu a wata ya isa, da sabulun karnuka, a ɗauraye sosai. Abin da yake buƙata kullum shi ne buroshi, minti biyar da yamma, ya cire mataccen gashi ya baza man jikin.

Kada ku aske shi. Irin wannan kare gashinsa hawa biyu ne, na ciki mai laushi da na waje mai kauri, kuma yakan zubar da na cikin da yawa in yanayi zai sauya. In fatar ba ta yi faci-faci ba, ba ja, ba wari, wannan zubar ba ciwo ba ce. Askewa kuwa buɗe fatarsa ce ga ranar Bauchi ta watan Maris da Afrilu. Inuwa da ruwa yake so.

Ƙwan a riƙa dafawa. Farin ɗanyen ƙwai yana riƙe bitamin ɗin da ake kira bayotin, wanda fata da gashi ke buƙata, ga haɗarin ƙwayar cutar zawo. Manja ba guba ba ne, sai dai irin man da fata ke nema kusan kashi ɗaya bisa goma ne kawai a cikinsa, alhali a man gyaɗa ya kai kusan ɗaya bisa uku, a man waken suya kusan rabi. Ki duba bayan buhun abincin: nama ko kaza ko kifi ya zama shi aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi, furotin kada ya gaza kashi 18 cikin 100, in kwikwiyo ne 22. Buhun da aka buɗe aka bar shi a zafin sito mansa kan yi ɗoyi, amfaninsa ya tafi. A juye a bokiti mai murfi, a sayi wanda zai ƙare cikin wata guda ko mako shida.

TAMBAYA: Likita, ƙuda sun cinye bakin kunnen karena har yana jini. Kuma ya halatta in ba shi ƙashin kaza da nono? Daga wani matashi a Kaltungo.

AMSA: Ƙanena, dafaffen ƙashin kaza tsagewa yake kamar tsinke, yana iya huda hanji, kada ka ba shi. In don ya gwagwiya ne, samo masa babban ɗanyen ƙashin gwiwar sa wanda ba zai iya haɗiyewa ba, ka ɗauke bayan ɗan lokaci. Madara takan sa manyan karnuka da yawa zawo, amma ɗan kindirmo marar sukari cokali biyu ba laifi. Goro da cakulan da inabi da farasitamol kuwa ko kusa kada ka ba shi.

Kunnen kuma, ka wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ka tsane, ka shafa man ciwo na dabbobi mai korar ƙuda, ko basilin mai kauri safe da yamma. Ka kwashe kashinsa da ragowar abinci kullum, ka matsar da shi daga kusa da turken awaki, ka sa shi a inuwa da rana tsaka lokacin da ƙudan suka fi cizo. In mako biyu suka wuce bai kame ba, ko kunnen ya kumbura kamar an hura shi, kai shi a duba.